Littafina na Farko Ya Kai Bakin Inji

Shekara 3 ke nan da na fara rubuta labarin da nake fatan zai zama littafina na farko, kuma a makon jiya ne na riƙe samfurinsa a hannuna a wata maɗaba'a da ke Kano. Ni malamar firamare ce, ina koyar da 'yan aji uku, kuma abin da ya tura ni ga rubutu shi ne rashin abin da zan miƙa wa yaro ya karanta da Hausa bayan ya iya haɗa baƙi da wasali. Littattafan darasi suna nan, amma wanda yaro zai ɗauka don jin daɗi, ya kishingiɗa a tabarma yana juya shafi yana kallon hoto, da wuya a same shi a shagunan Sabon Gari, in ma an samu, yawanci na Turanci ne.

Labarin na wata yarinya ce, Ladi, wadda akuyarta ta tsinke igiya ranar kasuwa, ta bi sawunta rumfa rumfa. Rubutun farko ya kai kalma wajen 3,000, na kuma rufe shi da doguwar nasiha a kan riƙon amana. Ranar da na karanta wa ɗalibaina, ban kai ƙarshen shafi na biyu ba suka fara mutsu-mutsu, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to ina akuyar?" Gaskiyarsa ce, domin na cinye shafi biyu ina bayanin gidansu Ladi da irin tarbiyyar da aka yi mata, akuya kuwa ko kukanta ba a ji ba. Da na ba mahaifiyata labari da daddare, sai ta ce, "Ke kuwa, ina kika taɓa jin an ce ga ta nan ga ta nanku, sannan a tsaya ba da tarihin kakannin Gizo?" Ita ce kuma ta tuna mini cewa tatsuniyar da ke zama a kan yaro ita ce mai 'yar waƙa ko amshi da ake maimaitawa.

Daga nan aikina ya koma yanka. Na sa wa Ladi tambaya guda da take yi a kowace rumfa: "Baba, don Allah ko ka ga akuyata, fara mai baƙin kunne?" A karatu na biyu, tun daga rumfar mai hatsi yara suka karɓe tambayar, kafin a kai ga mai fura ajin gaba ɗaya ne ke yin ta da ƙarfi. Sau 7 na sake rubutun, har ya dawo kalma 450. Nasihar ƙarshe ce ta fi yi mini wuyar cirewa, saboda mu malamai mun saba ganin cewa labari bai cika ba sai an faɗi darasinsa, amma na lura cewa yaran da kansu suke cewa Ladi ce ba ta ɗaure igiyar da kyau ba, tun ban buɗe baki ba. Abin da suka riga suka gano, maimaita musu shi raina hankalinsu ne.

Zane ya ci wata 8. Matashin da ya yi mini aikin gwani ne, sai dai idonsa ya saba da hotunan intanet, don haka zanen farko ya zo da gida mai rufin kwano mai tsini da lambun furanni a ƙofa. Na ɗauke shi muka shiga unguwannin cikin birni, na nuna masa zaure da soro da indararo, da turken akuya a gefen tsakar gida, da yadda mai fura ke jera ƙwarya da ludayi. Ya kuma koya mini abin da ban sani ba, ranar da ya ce, "Malama, in kin rubuta cewa akuyar tana bayan buhunan gero, me ya rage in zana?" Muka cire jimlar, muka bar kunnen akuyar kawai yana leƙowa a gefen hoton, yaro ya riga Ladi ganinta.

Maganar bugawa kuwa ta sa na fahimci dalilin da littattafan yara suka yi mana ƙaranci. Tun gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East, har zuwa kafa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966, adabin Hausa na boko ya taso ne a jikin hukuma da makaranta. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka nuna cewa mutum zai iya buga littafinsa da kuɗinsa ya kai kasuwa, amma hanyarsu ta ginu ne a kan takarda mai araha da baƙin tawada kaɗai. Littafin yara ba ya bin wannan hanya cikin sauƙi, domin hoto mai launi yana buƙatar faranti 4 a inji, da takarda mai kauri wadda daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin dala. Bayan da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, kuɗin da na tara ta adashe ya kasa kai rabin aikin, dole na ƙara zubi na shekara guda, na kuma tsaya a shafi 24, tunda ana naɗe takardar ne takwas takwas. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na nema daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce a kai masa kwafi 3 idan littafin ya fito.

Samfurin da aka miƙo mini a makon jiya ya faranta mini rai har zuwa shafi na 9, inda na ga an rubuta cewa Ladi ta zauna a "kasa". Salon rubutun da mai kwamfuta ya zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ya maye ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a littafin duka, yana ganin ba komai ba ne. Babba zai iya cankar abin da ake nufi, amma ɗan aji biyu abin da ya gani shi zai furta, kuma kasa maciji ce. Na ce wa mai maɗaba'ar, "Alhaji, a yi haƙuri, ba za a hau inji da wannan ba." Muka zauna da mai kwamfutar har bayan la'asar muna bin layi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin zan koma in duba samfuri na biyu, kuma zan tafi da shi aji in ba yara biyu su karanta a bayyane kafin in sa hannu a buga kwafi 500.