Daga kujerar majalisa zuwa shugabancin masu masana'antu

Da wa'adina ya ƙare a majalisar dokokin jiha ban sake neman takara ba. Na koma ƙaramar masana'antar robobi da mahaifinmu ya bar mana a Sharaɗa, cikin Kano, inda muke buga buta da bokiti da baho. Ban jima da komawa ba masu ƙananan masana'antu na yankinmu suka nemi in shugabanci ƙungiyarsu, kuma ba su ɓoye dalili ba. Wani dattijo mai kamfanin sabulu ya ce, "Honarabul, kai ne in ka kira waya ake ɗauka."

Ana ɗauka kuwa. Sakatare zai ce "bismillah, ranka ya daɗe", a shigar da ni gaban masu jira, a kawo lemo, a yi hirar zaɓen da ya wuce, a rako ni har bakin mota. In na koma wurin mambobi sai su tambaye ni abin da aka sa wa hannu, ni kuwa babu komai a hannuna sai gaisuwa. A siyasa, a ga ka shiga ofishin babba ma aiki ne. Mai masana'anta ba ya lissafa wannan, domin albashin leburori na jiransa ƙarshen wata. Ga shi kuma lambobin da ke wayata suna tsufa: kowane sauyin gwamnati yana tafiya da rabin mutanen da na sani.

Na karɓi kujerar a mugun lokaci. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Sai Afrilun 2024, aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin wutar awa 20 aƙalla a rana.

Wanda bai tsaya gaban injin roba ba ba zai gane ciwon ɗauke wuta ba. Ƙwayar robar tana narkewa ne a cikin tukunyar injin kafin a tura ta cikin mazubi. In wuta ta tafi ana tsaka da aiki, narkakkiyar robar sai ta sandare a ciki. Ko ta dawo bayan minti goma, sai an sake ɗumama injin, a zubar da bugun farko da ke fitowa a karkace, yara na zaune ana biyansu. Ka tada janareta kuma, man gas ya cinye ribar.

Nan ne na ga abin da ke aiki. Muka saya wa kowace masana'anta littafi mai bango, muka ce maigadi ko mai kula da inji ya riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, dare da rana. Wasu da boko suka rubuta, wani tsohon maigadi da ajami, kuma nasa ya fi na kowa tsabta. Muka haɗa da takardun biyan kuɗi muka kai wa kamfanin raba wuta, tunda ƙa'ida ta ce layin da bai cika awanninsa ba a sauke shi zuwa rukuni na ƙasa. Ranar babu wanda ya kira ni Honarabul. Injiniyansu ya jawo kujera ya zauna yana bin shafukan da yatsa.

Tattara littattafan ya fi kai su wuya. Mambobin ƙungiya kishiyoyin juna ne a kasuwa, kowa na tsoron maƙwabcinsa ya san yawan wutar da yake sha, daga nan ya ƙiyasta abin da yake sarrafawa. Kuma buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Mai sayen sabuwar ƙwayar roba daga kamfanin da ke sarrafa ta a Eleme, jihar Ribas, ko daga waje yana son a sauƙaƙa shigo da kaya. Mai niƙa tsofaffin robobin da yake saya a hannun 'yan bola jari yana ganin in sabuwar ta yi arha kasuwarsa ta mutu. Dukansu suna biyan kuɗin ƙungiya, dukansu suna so in yi magana da bakinsu. A nan dai zaman majalisa ya yi mini rana, domin na saba da sulhun mutanen da ba sa ga maciji. Duk abin da ba a yi ittifaƙi a kai ba, ba na fita da shi da sunan ƙungiya, ko da ni ina da ra'ayi.

Hula ma sai da na sauya. A Kano launin hula magana ne, ga shi cikin mambobi akwai 'yan kowane ɓangare. Na daina zuwa tarukan jam'iyya, tsofaffin abokai suka ce na yi girman kai. In kuma na yi ƙorafin haraji barkatai a rediyo, wasu su ce tsohon ɗan adawa ne ke huce haushi. Shi ya sa yanzu nake tura ma'ajinmu, wanda bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba, ya je da rasit a hannu.

Abin da ke gabanmu shi ne bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Manyan kamfanonin Challawa da Bompai za su iya jan nasu layin in ya iso. Irinmu ba za mu iya ɗai-ɗai ba, sai an haɗa kuɗi an sayi injin wuta mai aiki da iskar gas guda na kowa da kowa. Mun fara karɓar sunaye, kuma gardamar da ake yi yanzu ita ce a filin wa za a girka shi.