Yadda muka kafa ƙungiyar masu haɗa sola, da abin da ke riƙe da ita

Mu bakwai muka fara, dukanmu masu haɗa wutar sola a Kano, kuma da gangan muka tsaya a wannan adadin da farko. Kowa ya san aikin ɗan'uwansa da idonsa, ya taɓa hawa rufin da ya ɗaura farantai, ya ga yadda yake jan waya da yadda yake ɗaure kan batir. Babban amfanin ƙungiyar 'yan sana'a shi ne ka iya miƙa wa wani aikin da ya yi maka yawa ko nisa, ka kwana da sanin ba zai zubar maka da mutunci a wurin mai gidan ba.

Shi ya sa tun a zaman farko, kafin maganar suna ko shugaba, muka yanke maganar la'ada. Wanda ya miƙa aiki yana da kashi 10 cikin 100 na ladan aiki kaɗai, ban da kuɗin kaya, kuma sai mai gida ya gama biya ake ba shi. Dalilin cire kuɗin kaya a fili yake: inbata da batiran lithiyam kan cinye mafi yawan kuɗin aiki, idan aka lissafa la'ada a kansu, mai aikin zai koma ya rage kaurin waya ko ya sayo batir na banza don ya fita. Sharaɗi na biyu shi ne kwastoma na wanda ya kawo shi ne. Idan bayan wata shida ya kira wanda ya yi aikin yana son ƙarin farantai, wajibi ne a sanar da wanda ya miƙa. Wannan 'yar ƙa'idar ita ce ta fi kashe rigima, domin a nan zumuncin abokan sana'a ya fi lalacewa.

Sabon shiga sai mutum biyu daga cikinmu sun tsaya masa, sannan wani na uku ya je ya duba aikinsa guda biyu da suka kai shekara suna ci. Hoto ba ya wadatarwa. A hoto ba ka ganin ko an sa fiyus tsakanin batir da inbata, ba ka jin ɗumin wayar da ta yi ƙanƙanta.

Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma kada wannan ya ruɗe ka. Mun raba namu biyu: ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, ɗaya na tambaya da miƙa aiki. Gaisuwar Juma'a, siyasa da tallan kaya duk an hana su a na biyun, ba don raini ba, sai don saƙon mai neman wanda zai je masa aiki Wudil gobe da safe kada ya nutse. Mai miƙa aiki yana rubuta unguwa, girman aikin da ranar da ake so. Lambar kwastoma ba ta shiga zaure, sai ta sirri bayan an amince.

Taronmu Lahadin farko na kowane wata ne, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a shagunan juna bi da bi. Kowane zama mutum ɗaya ke kawo matsalar da ya ci karo da ita, da kayan a hannu. An taɓa ajiye mana na'urar daidaita cajin batir, irin wadda ake kira MPPT, a kan tebur, cikinta ya yi baƙi, tana warin ƙuna. An jera mata farantai ne a layi ɗaya har ƙarfin wutarsu ya kusa iyakar da aka rubuta a jikinta. Da zafi ba ta nuna komai ba, amma da sanyin hunturu ya shigo, ƙarfin wutar faranti yana hawa da sassafe, sai ya tsallake iyakar. Irin wannan zaman ne ke sa mai shago ya rufe da wuri ya zo, har ya taho da yaransa.

Kuɗin wata kaɗan muka sa, abin da ko mai ƙaramin ƙarfi ba zai ji ba. Ma'aji yana karanta shiga da fita a kowane taro, kuma ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu. An nemi mu haɗa da adashi, muka ƙi. Da zarar wani ya kwashi nasa ya kasa zubi, kunya za ta hana shi zuwa taro, ƙungiya ta rasa gwani saboda bashi. Masu so suna yin adashinsu a gefe.

Rajista kuwa kada a yi gaggawarta. Banki ba zai buɗe asusu da sunan ƙungiya ba sai da takarda, kuma wata hanya ita ce rajistar amintattu, wato mutanen da za su tsaya a madadin ƙungiya a gaban doka, a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana bukatar rubutaccen tsarin mulki, sunayen amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan haka akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar. Mu sai da ƙa'idojinmu suka sha gwaji a kan rigingimu na gaske muka rubuta su a matsayin tsarin mulki. A ciki muka sa wa'adin shugabanci shekara biyu, kuma duk ƙorafin kwastoma kwamitin mutum uku ne ke zuwa ya duba aikin. Idan laifin ɗan ƙungiya ne, ya gyara da kuɗinsa cikin mako biyu, in ya ƙi a daina miƙa masa aiki har sai ya gyara.