Sana'ar fitilar mota: abin da na koya a bakin aiki

Kusan kullum sai an samu direban da zai shigo shagona nan hanyar Jos ya ce, "Oga, sa min wadda za ta danne ta mai tahowa." Wai idan tirela ta watso masa ful layit a hanyar Alkaleri shi ma ya watsa mata nasa ya kore nata. Da sai dai in yi dariya, don ni ma ban san amsar da zan ba su ba, sai da ɗan yayana da ke karanta fiziks a jami'ar ATBU ta Bauchi ya zo hutu ya zauna min a benci yana shan shayi. Ya ce Baffa ai haske ba ya ture haske, ƙwayoyinsa da ake kira foton ratsa juna suke su wuce ko gaisawa ba sa yi. Ya ce sai a 2013 masana na Harvard da MIT a Amurka suka iya sa su kama juna bibbiyu, shi ma sai da suka bi da su ta cikin tururin sinadarin rubidiyam da aka sanyaya iyakar sanyi, a 2018 kuma suka haɗa uku. To kai da Sharon ɗinka da me za ka danne wani? Makantar da shi kawai za ka yi, ya kuma yo kanka.

Ni a kan 504 na koyi aikin nan, wajen wani tsohon mai rewaya, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara kama kwan halojin da hannu sai da ya ƙwale ni da bayan sukudireba. Bai min bayani ba, daga baya na gane maiƙon yatsa ne ke zama a gilashin, wurin ya ɗau zafi fiye da sauran, kwan ya ƙone da wuri. Har yau yarana da tsumma mai tsabta suke kama shi, wanda ya manta ya san sauran.

Halojin shi ne na talaka kuma ni ban raina shi ba. Zaren ƙarfen tangistin ne a ciki, samfurin H4 yana cin wat 60 a ful, 55 a dim, haskensa ya ɗan yi rawaya, kuma lokacin hazo in ƙura ta rufe hanyar Ningi na fi jin daɗinsa a kan farin nan mai dawo wa mutum ido. Kwan zenon kuwa babu zare, tartsatsi ne ke tsalle tsakanin ƙarfe biyu cikin iskar gas, balas ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke ba shi wuta, na tayar da shi da ƙarfin lantarki bolt sama da 20,000 sannan ya koma cin wat 35 kacal, BMW ce ta fara sa shi a 1991. Wannan ba aikin yaro ba ne, na ga wanda ya sa hannu ana kunne, bai sake ba. LED ya shigo da Lexus a 2007, yana daɗewa, ba ya cin batir, amma in fankar bayansa ta tsaya ko ƙura ta toshe ta, shi ke nan.

Nan ne baƙin cikina yake. Ana kawo wasu LED na banza a kwali mai ƙyalli an rubuta lambobin ƙarya, wasu 'yan bakin titi su cusa a gidan fitilar da aka ƙera don halojin. Shi madubin ciki an auna shi ne daidai inda zaren yake, da ka sauya wurin da hasken ke fitowa sai ya watse, ya haska saman bishiya da idon mutane, ramin da ke gabanka kuma ba ka gani. Sati uku ya fara kyafta ido, sai a kawo min a ce in gyara, kuma a tsaya ana ciniki kamar ana sayen tumatir a Muda Lawal. "Haba Oga, wancan rabin haka ya yi min." To Alhaji me ya dawo da kai?

Akwai kuma gidan fitila na gwanjo da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan. Su hannun hagu suke bi, mu tun 1972 muka koma dama, don haka haskensa yana ɗagawa ne ta ɓangaren mai tahowa. Wani dila ya taɓa turo min guda shida irinsu, na mayar masa, har yau muna 'yar tsama.

A wajena ba motar da ke fita sai bayan magariba. Ina da bango a bayan shago na ja masa layi da fenti, in ja mota baya mita 10, in duba iskar taya, in kunna dim, bakin hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, in bai yi ba in ta juya sukurun nan har ya zauna. Gilashin da rana ta mayar rawaya muna goge shi mu shafa masa kariya, ba sai ka sayi sabo ba. Mai son a duba masa ya zo bayan la'asar, awo kyauta ne in a wajenmu aka sa kwan.