Godiya ga waɗanda suka ceto ayyukan jama'a daga had-dis ɗin da wuta ta ƙona

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, masu aiki a kan babbar kwamfutar shagonmu na Bauchi Road a nan Jos, musamman ɗalibai masu furojet, ku kwantar da hankalinku, kayanku sun fito daga had-dis ɗin da wuta ta ƙona, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar. Ba dabararmu ba ce. Allah ne ya haɗa mu da mutanen kirki, kuma za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, don duk wanda irin wannan ta same shi ya san ta inda zai fara.

Musabbabin abin, kamar yadda mai gyaran wuta ya gano, wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta saki a inda layi ya shigo ginin. A gini mai layi uku, idan nutural ta katse, wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 230 tana iya haurawa kusan 400 a wani layin. Fawa-fak ɗin kwamfutar, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, mai araha ne, bai tare ba, ya tura wa had-dis abin da ya fi ƙarfinsa.

Godiya ta farko ga maƙwabcinmu mai gyaran waya. Oga, da ka ji ƙauri ka ce kada a sake kunnawa, kada kuma a gwada had-dis ɗin a wata kwamfutar, wasu sun ga kamar kana jan lokaci ne. A ganinmu kalmar nan taka ita ce rabin aikin. Duk jonawar da aka yi wa had-dis mai ƙonannen bod, wato allon lantarkin da ke ƙarƙashinsa, wuta na iya ƙarasa abin da ya rage, har ta kai ga kayan da ke can ciki. Allah ya ƙara buɗi.

Sai injiniyan da ya karɓi aikin, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa. Bai taɓa murfin ƙarfen had-dis ɗin ba sam. Bod ɗin da ke ƙarƙashi kawai ya kwance, da sukurudireba mai bakin tauraro, T6 ko T8, ya danganta da kamfani. Babban had-dis na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, wuta biyu yake sha: bolt 12 na injin da ke juya farantan da ake adana bayanai a kansu, bolt 5 na ƙwaƙwalwarsa. Kusa da bakin da ake jona wuta akwai ƙananan dayod guda biyu da ake kira TVS, ɗaya a kowane layi. Aikinsu su mutu a madadin sauran: wuta na wuce kima sai su haɗe layin da ƙasa. Ana gane su da mita. Idan ta nuna kusan sifili ta kowane ɓangare, dayod ya tafi. Wani lokaci cire shi kaɗai, da gyara fiyus ɗin da ke gefensa, ya isa had-dis ya tashi, amma fa ya tashi ba kariya, kwashe kaya kawai za a yi a ajiye shi.

Namu bai zo da sauƙi haka ba. Dayod na bolt 12 ya haɗe, kuma aisin da ke sarrafa injin, wato wani ɗan guntun lantarki a kan bod, ya kumbura har ya tsage. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne layin bolt 5 lafiya lau yake. Ta wannan layin ne wuta ke kaiwa ga wani ɗan aisi da ke manne da hannun alluran karatu a cikin akwatin. Da shi ya ƙone, sai an buɗe an sauya alluran gaba ɗaya a ɗaki mai tace iska, kuɗin kuwa ba a magana.

Ƙaninmu da ke Abuja, sannu da ɗawainiya. Shi ya zaga Banex Plaza a Wuse 2 yana neman bod irin namu. Na farkon da ya samu kamfani ɗaya ne, girma ɗaya, tera 1, amma Malam injiniya ya ce a bar shi, domin lambar da ake bi ita ce wadda aka buga a jikin koren bod ɗin kansa, ba ta takardar da ke kan murfi ba. Na biyun ya dace. Direban motar Jos da ya kawo saƙon a naɗe cikin leda mai hana tartsatsi, bai karɓi ko sisi ba, Baba, Allah ya tsare hanya.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kayansu, don suna zaton da an ɗaura sabon bod shi ke nan. A kan tsohon bod akwai wani ɗan aisi mai ƙafa 8, bai kai ƙwayar wake ba, lambarsa kan fara da 25. A cikinsa aka rubuta saitin da masana'anta ta yi wa wannan had-dis shi kaɗai, ko tagwayensa ba su da irinsa. Idan aka sa baƙon bod ba tare da shi ba, farantai za su juya, sai ka ji ƙwas-ƙwas, ko kwamfuta ta nuna girman da ba shi ba. Injiniya ya cire shi da bulowa mai hura iska mai zafi, ya fara kwafe abin da ke ciki da na'urar karanta aisi ya adana, sannan ya dasa shi a sabon bod, yana lura da ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya. Juya shi baibai na iya kashe shi. Don haka, ko bod ya zama gawayi, kada a jefar.

Da ya tashi, ba a buɗe ko folda ɗaya ba. An jona shi kai tsaye ta SATA, wayar da ke haɗa had-dis da kwamfuta, a kwamfuta mai Linux da ke kan inbata, aka sa ddrescue, manhajar ceto bayanai, ya kwafe shi sashe-sashe zuwa wani had-dis mai tera 2. Zagayen farko ya ɗebi wuraren da ke karantuwa da sauƙi ya tsallake masu gardama, daga baya ya koma musu sau 3. Manhajar tana rubuta inda ta tsaya a wani fayil na daban, ko aiki ya katse za ta ɗora daga nan. Duk sauran bincike a kan kwafin aka yi. Windows kan ce a yi fomat ko a gyara had-dis da manhajar chkdsk. A wannan hali amsar a'a ce, domin rubutu zai yi a kan abin da ake son cetowa. Manhajar TestDisk ta dawo da tsarin foldoji da sunayensu, ba a ma buƙaci manhajar PhotoRec ba, wadda kan fito da fayiloli babu suna.

Masu shawarar a sa shi a firiza, mun gode da kulawa, amma raɓa ce za ta kwanta a kan farantan. Masu cewa a buɗe a duba kuwa, farantan nan na juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, tazarar allura da faranti ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba, balle ƙurar hunturun Jos.

Mai gyaran wutarmu, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Ya ɗaure nutural, ya kafa sandar ƙasa, ya sa abin tare tsallen wuta a babban akwati, ya kuma tunatar da mu cewa sitabilaiza tana da jinkiri, kafin ta farga ɓarna ta auku. Yanzu kowane aiki yana wuri uku: kwamfuta, wani had-dis da ake cirewa idan an tashi, da intanet.

Hajiya mai gidan da ta ɗauki nauyin gyaran wayar wutar, da abokan hulɗa da suka yi haƙuri har kwana 9 ba wanda ya ɗaga murya, Allah ya bar zumunci.

Fayiloli 4 ne ba su buɗe ba, dukkansu waɗanda ake kan bugawa ne lokacin da wutar ta zo. Wanda ya kawo aiki a ranar ya zo da rubutun hannunsa, za a sake buga masa kyauta. Saura kowa ya taho da filashinsa daga gobe bayan Azahar, ya buɗe aikinsa a gabanmu ya duba shafi-shafi kafin ya tafi.