Direban Tasha a Motar Baƙi

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, ruwa ya ɗauke, ciyawar kan duwatsu ta fara ja, sai in shiga neman direba. Motoci uku gare ni a nan Jos, Kosta biyu da Hiace ɗaya, amma direbobina na dindindin biyu ne, domin sana'ar tamu ta kaka ce kamar cinikin mangwaro. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu wayata ba ta hutawa: makarantu masu kai ɗalibai buɗe ido kafin hutu, ma'aikatan Abuja da ke gudowa shan sanyin Filato lokacin Kirsimeti, iyalai daga Kano da Bauchi. Akan ɗan motsa kuma a Ista da bayan Sallah. Amma a Yuli da Agusta, Kosta ɗaya takan yi sati uku a lulluɓe da tampol. Mai biyan direba uku albashi a irin wannan wata, sai dai in gado yake ci.

Wanda na ɗauka bana daga tashar Bauchi Road ya fito, ya daɗe yana jigila tsakanin Jos da Bauchi. Hannunsa ya faɗa, babu shakka. Sai dai ni ba hannun direban tasha nake tsoro ba, halin da tasha ta saba masa nake tsoro. A can, yawan sawu shi ne kuɗi: a yi lodi, a taka, a sauke, a juyo kafin layi ya wuce ka. Mu kuwa wuni muke sayarwa. Wanda ya ɗauki shatar mota don ya ga gari ba sauri yake yi ba, kuma in ka kai shi da wuri ma ba zai gode maka ba.

Shi ya sa ba na gwada sabon direba a cikin gari. Hawan Kibo nake kai shi, kan hanyar da ta gangara Akwanga, mota babu fasinja, ni ina gefe, Baba, dattijon direbana, yana kujerar baya bai ce uffan ba. Duk wanda ya san wurin ya san irin tirelolin da suka kwanta a kwanoninsa. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a wannan gangara ake sauka daga kansa. Abin da nake kallo ɗaya ne: ƙafarsa. Direbobin tasha da yawa sun saba sakin mota a firi idan sun samu gangara, wai tattalin mai. Wasu kuma su ɗora ƙafa a birki tun daga sama, har ya ɗau zafi, ka ji ƙauri, ka taka ka ji kamar ka taka soso. Kosta mai ɗauke da yara talatin ba ta yafe wannan. Ana sauka ne da ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, birki kuwa a riƙa taɓa shi kaɗan kaɗan.

Mutumin nawa ya sauko da giya tun kafin kwanar farko, na ji daɗi. Amma da muka samu miƙaƙƙen wuri sai na ga hannu ya nufi giya zai sake ta. Baba ya yi gyaran murya daga baya.

"Yi haƙuri Baba, sabo ne," in ji shi.

"Sabon nan ka bar shi a tasha, ɗana. Man ba kai ke saye ba."

Gaskiyar Baba. Da gangan nake sayen mai da kaina, ba na ba direba kuɗin mai a hannu, don kada ya ga riba a tsuke shi. Kuɗin wuni nake biya, da na abinci daban, da ƙari in an kwana. Man kuwa shi ne ya fi cin mu. Gas ɗin Kosta ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, sannan aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, Hiace ma ta bi sahu. Makarantun da a da suke neman Yankari, yanzu yawancinsu a cikin gari suke tsayawa.

Takardu ba wani dogon zance ba ne: lasin mai rai, inshora, takardar 'yan VIO, abin kashe wuta, safaya mai iska, da na'urar taƙaita gudu da 'yan Road Safety suka tilasta wa motocin haya tun 2017. Direba ya duba su da asuba lokacin da yake ɗuma injin, domin a sanyin Disamba motar gas sai an lallashe ta take tashi.

Wahalar aikin tana wurin jira ne. Ka sauke ɗalibai a gidan tarihi da ƙarfe goma, su shiga kallon kawunan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, su wuce gidan namun dajin da ke gefe, su gangara inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya da ginin ƙasa, ba za ka sake ganinsu ba sai bayan azahar. Awa uku, huɗu, kana zaune. Mutumin da jininsa ya saba da sawu, a nan Shaiɗan ke raɗa masa cewa ai zai iya leƙawa Terminus ya kwashi mutum goma zuwa Bukuru ya dawo ba wanda ya sani. An taɓa yi mini haka shekarun baya. Malamai suka fito da yara babu mota, jakunkuna da abincin yaran duk suna ciki. Makarantar nan ba ta sake kirana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sannan akwai baki. Ba kowace tafiya ke da ɗan jagora ba, saboda haka direba ake tambaya. Na zaunar da sabon nawa na koya masa 'yan abubuwa da zai iya faɗa ba tare da ya yi ƙarya ba: gidan tarihin nan a 1952 aka buɗe shi, wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya tsaya a kansa, Wildlife Park kuwa zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka kafa shi, a 1972, ƙololuwar duwatsun Shere ta haura mita 1,800, dutsen Riyom ba mutum ne ya jera shi ba, ko da yake baƙi kan rantse sai da aka sa hannu. Abin da na fi nanata masa shi ne maganar kududdufai. Ruwan da ake gani shuɗi shar a gefen hanyar Bukuru da Barkin Ladi ba tafki ba ne na Allah da Annabi, ramukan haƙar kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu kuma ba ya nunawa daga sama. Yaron Kano da bai taɓa ganin irinsu ba, takalmi zai fara cirewa. Haka duwatsun magangarar ruwa ta Assop, santsi gare su ko da rani. In malami ya shagala da hoto, idon direba ne ya rage.

Abin da ba a faɗa kuma ya fi wanda ake faɗa yawa. Jos ce. A mota ɗaya za ka ɗauki mai zuwa coci da mai neman inda zai yi alwala, kuma kusan kowace tafiya sai wani ya tambaya, "Direba, wai me ya faru a garin nan ne tun 2001?" Amsar da na yarda da ita ɗaya ce: Allah ya zaunar da mu lafiya, sai a nuna masa dutse. Babu siyasa, babu wa'azin kowa a rediyon mota sai in masu shatar ne suka kawo nasu. A shingen sojoji a rage wuta, a gaisa, a wuce. In za a fita wajen gari, da safe nakan kira mutanen da na sani a hanyar in ji yadda aka kwana, kuma dokata ita ce mota ta shigo Jos kafin magariba, ko baƙi sun so ko ba su so ba.

Ƙirga kai ma aikinsa ne. Kafin a tashi daga kowane wuri, ya bi kujera kujera da takardar sunaye, kada ya dogara da "mun cika" da ake amsawa daga baya.

Fitarsa ta farko shi kaɗai Yankari ce, da wasu iyali biyu daga Abuja: Jos zuwa Bauchi, a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima a shiga daji. Kwana ɗaya suka yi. Da ya dawo na duba tanki, na duba tayoyi, na shinshina wajen birki, komai lafiya. Uwargidan ɗaya daga cikin baƙin ta kira ni da kanta tana yaba yadda ya tsaya musu suka sayi dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, har ya taya su ciniki. Shi kuwa ƙorafinsa ɗaya ne.

"Alhaji, wallahi zaman ne ya fi tuƙin gajiyarwa. Suna cikin ruwan ɗumi na Wikki tun hantsi har la'asar, ni ina gadin mota da birai."

Na ce masa birai ai abokan aiki ne, ya dai riƙa rufe gilashi, don sun iya buɗe leda fiye da ni da shi. Ya yi dariya, sannan ya ɗan sunkuyar da kai ya tambayi abin da kowannensu ke tambaya a satin farko: in Janairu ta ƙare fa? Na gaya masa gaskiya, kada ya saki layinsa a tasha, ya ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya, Fabrairu zai koma. In Ista ta zo da aiki, shi zan fara kira.

Gobe yana da 'yan firamare arba'in da biyu, su da Baba, mota biyu, gidan tarihi da Wildlife Park. Na ce ya zo ƙarfe biyar da rabi, ya taho da rigar sanyi.