Na kai katin Umma tafkunan Killarney

A ƙasan akwatin ƙarfe na Umma, ƙarƙashin atamfofin aurenta, akwai wani katin gaisuwa mai hoto da ya girme ni. Wata malamarta 'yar Ailan, cikin sistocin da suka koyar a Kano, ita ta aiko mata shi sa'ad da ta je hutu gida. Tafkuna ne kwance tsakanin duwatsu, sama shuɗiya kamar yanzu aka tsamo ta daga marinar Ƙofar Mata, ga furanni masu ruwan shunayya a gaba. An buga sunan wurin, Ladies View, Killarney, da sunan kamfanin John Hinde. Da aiki ya kai ni Dublin, babban birnin Ailan, Umma ba ta ce in sayo mata komai ba. Katin ta damƙa mini, ta ce, "Je ka gano mini ko da gaske akwai wurin nan."

Na hau jirgin ƙasa a tashar Heuston, na canja a Mallow, awa uku da ɗoriya sai ga ni a Killarney, cikin yankin Kerry. Yayyafi ne ya tarbe ni. Masu keken doki na jere suna jiran baƙi, amma ni sai na nufi tsohuwar ganuwar Ross, ginin ƙarni na 15 a bakin Lough Leane, babba cikin tafkuna uku na Killarney. Daga nan kwalekwale ya tsallakar da mu tsibirin Innisfallen, inda masu ibada na da suka zauna suna rubuta tarihin ƙasarsu. Kango ne yanzu, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ruwan tafkin baƙi-baƙi, ba alamar shuɗin katin Umma.

Washegari na ɗauki tasi, muka bi hanyar Kenmare mai yawan kwana har Ladies View. Sunan ya samo asali ne daga 1861, lokacin da Sarauniya Biktoriya ta ziyarci Killarney, matan fadarta suka tsaya nan suka yaba da wurin. Na fito da katin na ɗaga shi. Wallahi duwatsun su ne, kwanciyar tafkin da ake kira Upper Lake ita ce, har tsibiran da ke cikinsa ba wanda ya gusa. Launi ne kawai ya sha bamban: komai toka-toka, hazo ya rufe kawunan duwatsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. John Hinde, mutumin Ingila ne da ya kafa kamfaninsa a Ailan a 1956, zamanin da akasarin katuna baƙi da fari ne. Yakan aika hotunan Italiya a ƙara musu launi, sama ta ƙara shuɗi, ciyawa ta zama kore shar. Da farko abin ya sosa mini rai, don shekara da shekaru Umma na kallon samar da aka rina. Amma na tuna wa ake aika wa irin katunan nan: 'yan Ailan da neman abinci ya watsa Amurka da Ingila, da irin malamar Umma da ke zaune cikin ƙurar hunturun Kano. Mai kewar gida haka yake ganin gida a zuciyarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Furen nan na gaba kuwa, mai suna rododendiron, shi ya fi ba ni mamaki. Baƙo ne, don ado aka shigo da shi, sai ya mamaye dajin kamar yadda kacala ta yi wa fadamar Haɗeja, inuwarsa ta hana 'ya'yan itatuwan asali tsirowa. Tun 1932 wurin ya zama gandun ƙasa na farko a Ailan, kuma yau sare furen nan na cikin manyan ayyukan masu kula da shi.

Wajen la'asar gajimare ya ɗan tsage, rana ta sauka kan ruwan. Na yi maza na kira Umma ta bidiyo.

"Umma, ga shi nan."

Ta yi shiru mai tsawo. Sannan ta ce in juya wayar a hankali, daga hagu zuwa dama, kada in yi sauri. Na juya har sau uku. Ta ambaci sunan malamarta, ta ce ashe nan ta tsaya. Kafin ta kashe ta ce, "Ka sa katin cikin riga, kar ruwa ya taɓa mini shi."