Asabar ɗin da na yini da marubutan Kanada

Toronto, Asabar da dare, tsakiyar watan Fabrairu.

Na tashi da asuba na tarar dusar ƙanƙara ta rufe matakalar ƙofar gidanmu, don haka bayan na idar da salla ban koma barci ba. Na ɗora ruwan shayi, na kunna shirin Bookends na gidan rediyon CBC, wanda Mattea Roach ke gabatarwa tun shekarar 2024. Har yanzu kunnena bai gama sabawa da sabuwar muryar ba, domin da muryar Eleanor Wachtel na fara sanin marubutan ƙasar nan. Ita ce ta shafe shekara 33 tana hira da marubuta a shirin Writers & Company, daga 1990 zuwa 2023, kuma a shekarar da ta ajiye aiki ne Shelagh Rogers ma ta bar nata shirin, The Next Chapter. Na ji rashinsu kamar yadda ake jin rashin maƙwabta na kirki idan sun tashi daga unguwa.

Abin da na fi zuba kunne a kansa a irin waɗannan hirarraki shi ne lokacin da zance zai bar sabon littafin marubuci ya koma kan littattafan da shi kansa yake karantawa. Idan marubuci yana bayanin littafinsa, sau da yawa akan ji alamar cewa ya maimaita jawabin a garuruwa da dama, amma da zarar ya ambaci littafin wani sai muryarsa ta sake, ya shiga magana da ɗoki irin na mai karatu. Ina da ɗan littafin rubutu a kusa da murhu wanda nake shigar da sunayen da na ji, kuma yau da na ƙirga sai na ga sun kai arba'in da uku, waɗanda na karanta a cikinsu goma sha tara ne.

Bayan azahar na rufe jiki na nufi reshen ɗakin karatu na unguwarmu, ɗaya daga cikin rassa kusan ɗari da birnin nan yake da su, inda aka gayyaci wata matashiyar marubuciya da ta fitar da tarin gajerun labaranta na farko. Mu da muka halarta ba mu wuce ashirin da biyar ba, yawanci dattawa ne, kowa ya rataye rigar sanyinsa a bayan kujera. Ta karanta shafi huɗu, sannan ma'aikaciyar ɗakin karatun ta yi mata tambayoyi a kan yadda take rubutu alhali tana aikin ofis. Ta ce tana tashi kafin gari ya waye ta rubuta abin da ya sawwaƙa, kuma labari guda ya taɓa ɗaukar ta shekara biyu. Na yarda da ita, domin an ji alamar haƙuri a cikin jimlolinta.

Da aka ba masu sauraro dama, na ɗaga hannu na tambaye ta littafin da za ta miƙa wa baƙon da yake son fahimtar Kanada. Ba ta yi dogon tunani ba ta ambaci How to Pronounce Knife na Souvankham Thammavongsa, wanda ya ci Giller, babbar kyautar adabi ta Kanada, a 2020. Na gaya mata na karanta shi har sau biyu. An haifi Thammavongsa a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Tailan, iyayenta mutanen Laos ne, ta kuma tashi a nan Toronto. Mutanen da ke cikin labaranta su ne masu figar kaji a masana'anta, da masu gyaran farce, da masu tsintar tana a gona cikin dare, wato waɗanda ake wucewa a titi ba a ɗaga kai an dube su ba. Labarin da ya ba littafin suna a kan wata yarinya ne da ta tambayi mahaifinta yadda ake furta kalmar wuƙa da Turanci, shi kuma ya furta harafin farko wanda ba a furtawa. Yarinyar ta je makaranta ta faɗe shi yadda ya koya mata, aka ce ba daidai ba ne, ta tsaya kai da fata a kan furucin mahaifinta. Ranar da na fara karanta shi sai da na rufe littafin na yi shiru, saboda 'yata ta kai shekarun da take jin bambancin Turancina da na malamarta, kuma na sha ganin tana haɗiye gyaran da ya zo bakinta don kada ta kunyata ni. Wannan kara da yaro ke yi wa iyayensa ban taɓa ganin an rubuta ta da irin wannan taushin ba.

Matashiyar marubuciyar da aka gayyata ta ƙara da cewa bai kamata baƙo ya tsaya a labaran baƙi 'yan'uwansa kaɗai ba, sai ta ambaci Five Little Indians na Michelle Good. A nan ne ɗakin ya yi tsit. Michelle Good 'yar ƙabilar Cree ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Kanada, lauya ce da ta daɗe tana tsaya wa waɗanda suka fito daga makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar domin raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasa da iyayensu da harsunansu. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshensu. Littafin, wanda shi ne ƙagaggen labarinta na farko kuma ya fito a 2020 bayan ta haura shekara sittin, yana bin rayuwar yara biyar bayan sun bar irin wannan makaranta sun tsinci kansu a Vancouver ba uwa ba uba. Ya ci kyautar adabi ta Gwamna Janar, sannan ya lashe gasar Canada Reads ta 2022, wadda ake yi duk shekara tun 2002, inda mutum biyar ke kare littafi biyar, ana fitar da ɗaya kowace rana har a bar guda. Na daɗe ina kauce wa littafin nan don na san zai yi mini nauyi, amma yau na ga cewa ba daidai ba ne in zauna a ƙasar mutane, ina cin arzikinta, ban san abin da aka yi wa masu ita na asali ba.

Wani dattijo da ke gefena ya kawo sunan Esi Edugyan, wadda aka haifa a Calgary ga iyaye 'yan Gana, ta kuma ci Giller sau biyu, a 2011 da 2018. Wata mata kuma ta ambaci Francesca Ekwuyasi, haifaffiyar Legas mazauniyar Halifax. Na rubuta su duka, ko da yake na san su.

Abin da ban yi tsammani ba ya faru ne wajen teburin sa hannu. Bayan marubuciyar ta tambayi sunana da inda na fito, sai ta juyo mini da tambayata, ta ce wane littafi na harshenmu zan ba ta shawara ta karanta. Sunaye suka cika mini baki, na marubutan Kano da Kaduna da Katsina waɗanda na taso ina aron littattafansu ina kuma sauraron ana karanta su a rediyo, amma kusan dukkansu ba za ta iya karantawa ba, domin ba a fassara su ba. Daga ƙarshe na rubuta mata sunan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya fitar da fassararsa ta Turanci a 2012. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta sa a cikin littafin da take karantawa. Na fito ina farin ciki da tambayar, ina kuma jin ciwon cewa suna ɗaya tak na iya ba ta.

Kafin in bar ɗakin karatun na nemi littafin Michelle Good, aka yi sa'a akwai kwafi guda a kan kanta. Da maigida ya ga bangonsa bayan isha'i ya tambaye ni labarin, na gaya masa abin da na ji, ya ce idan na gama in ajiye masa kafin ranar mayarwa. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, na kai shafi na talatin, kuma na riga na ja layi a ƙarƙashin sunansa a ɗan littafin nan na kusa da murhu.